Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Marwa da kyamara

Ƙanena, ka ce ko a Kano gabanka faɗuwa yake in za ka ɗauki hoton wanda ba ka sani ba, balle a Kamaru. To mu nan Marwa ba mutum muke shakka ba, wuri muke kiyayewa. Bariki, shingen jandarma, gadoji, filin jirgin sama na Salak, motar sojojin BIR, wato rundunar ko-ta-kwana ta Kamaru, in ta gifta, duk waɗannan ko wayarka kada ta bar aljihu. Tun da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da unguwar Barmare a watan Yulin 2015, baƙon da aka hango yana auna rumfuna daga nesa ba a yi masa kyakkyawan zato, kuma ban ga laifin kowa ba. Fakar idon nan da matsoraci yake ganin ita ce mafita, a ɗauka a wuce, ita ce za ta kai ka ofishin 'yan sanda.

Al'adarmu sai an zauna tukuna. Ka je wurin dukawa ko mai kilishi, ka yi sallama, ka ƙara da "jam na?", wato "lafiya?", don Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, ko da yake mahauta da yawa 'yan'uwanmu ne, da jin bakinka za su ce Bakano ya zo. Ka bar kyamarar tana lilo a ƙirjinka kowa yana gani. Ka sayi kilishi ko na sefa 500 ne, ka tambayi yadda kasuwa take. Sau da yawa shi zai fara cewa, "Wannan abin fa, ba za ka ɗauke mu ba?" Sai ya gyara zaman hularsa, ya goge hannu a riga, ya kira yaronsa mai shafa tunkuza ya shigo ciki. Da ka ɗauka ka juya masa ya gani. Kafin ka tashi, maƙwabcinsa ma ya ce saura shi.

Wanda ya ce a'a kuwa, ka ce madalla, ka ci gaba da hirarka. Ba faɗa ba ne. Wasu dattawa addini ne dalilinsu, wasu gudun ganin fuskarsu a Facebook suke yi. Matan aure dai kada ma ka fara, sai dai in wata ce ta gidan ta yi maka iso. In cikin unguwa za ka shiga, ka fara gaida jauro ko lawan, wato masu unguwanninmu, ya haɗa ka da yaro ɗaya ya riƙa yi maka jagora.

In har yanzu hannunka na rawa, ka daidaita zuwanka da Sallah. Ranar da mahaya suke sukuwa a ƙofar fadar Lamiɗo, kowa ya ci ado ne don a kalle shi, wayoyi kuma duk a sama suke. Ka fara daga nan, kashegari mu shiga kasuwa tare.