Amsa ga Hajiya kan jan hasken da aka gani a samaniyar Ingila

Hajiya, barka da war haka. Kin ce 'yarki da ke karatu a Ingila ta turo miki hoton sama ta yi jawur da tsakar dare, ta ce hasken arewa ne. Ke kuma a saninki sai a ƙasashen ƙanƙara irin su Nowe ake ganinsa, shi ya sa kike tambaya ko haɗin waya ne, kuma ko wata rana zai leƙo Kano. Kada ki zargi yarinya. Ni ganau ne, shekarata tara a garin Shefild na Ingila, kuma sau biyu ina ganinsa a nan.

Na farko daren Juma'a ne, 10 ga Mayu 2024. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina shirin kwanciya, maƙwabcina Bature ya buga ƙofa ya ce in fito in ɗaga kai. Na fito da silifa. Abin da na fara gani bai burge ni ba ko kaɗan: wani fari-fari ne kamar hazon hunturu, a tsattsaye, sai ka ce an ja layuka da alli. Da na ɗaga waya na ɗauka, sai ga kore da ja da ruwan hoda sun cika allon. Nan na tashi uwargida da yara, muka shiga mota muka nufi tsaunukan da ke yammacin gari inda babu fitilun titi. A can ne ido ya sami rabonsa. Da muka daɗe cikin duhu, jan ya fito sosai, layukan suka haɗe a saman kanmu kamar tsinkayen laima, suna motsi a hankali. Ƙaramar 'yata ta riƙe zanen uwarta gam. Ni ban da "Subhanallah" babu abin da ke fita daga bakina.

To a nan ne nake so ki fahimci hoton 'yarki. Waya takan buɗe idonta na daƙiƙa biyu ko uku tana tara haske, idon mutum kuwa ba ya rarrabe launi sosai cikin duhu. Saboda haka hoton ya fi abin da ta gani kyau, amma ba ƙarya ba ne.

Tushen abin daga rana yake. Kusan duk shekara 11 rana takan kai ƙololuwar tashin hankalinta, tabo ya yawaita a jikinta, ta riƙa watso wani irin turiri mai ɗauke da lantarki. Idan ya nufo mu, kwana ɗaya zuwa uku yake yi kafin ya ci kilomita miliyan 150 da ke tsakani. Maganaɗisun duniya kan karkatar da shi zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, ya bugi iskar can sama ta yi haske. Shi ya sa mutanen Tromso, wani gari a can arewacin Nowe, ke ganinsa kamar yadda muke ganin walƙiya da damina. Idan bugun ya yi tsanani sai da'irar hasken da ke kewaye da ƙuryar arewa ta buɗe ta gangaro kudu. Na watan Mayun nan ya kai matakin G5, mafi girma a ma'aunin ƙarfin irin wannan bugun, rabon da a ga irinsa tun Oktoban 2003. An gan shi a Fulorida da Meziko da tsibiran Kanari, har da Ladak a arewacin Indiya.

Kin lura na 'yarki ja ne, alhali hotunan Nowe kore ne? Iskar oksijin ce ke ba da duka biyun. Koren yana fitowa daga kamar kilomita 100 zuwa sama, jan kuma sai an haura 200. Wanda ke nesa a kudu ƙwanƙolin kawai yake hangowa, kamar mai hango hasumiyar masallaci daga bayan gari, ginin kansa ya ɓuya masa.

Washegari Asabar labari ya bazu, kowa ya fito. Motoci suka cushe hanyar tsaunin, muka sha sanyi har ƙarfe ɗaya, ba mu ga komai ba sai fitilun motocin juna. Abin ba ya karɓar gayyata. Sai 10 ga Oktoba 2024 ya dawo, na gan shi daga bayan gida, bai kai na farko ba. Ki gaya wa 'yarki ta sa manhajar AuroraWatch UK ta Jami'ar Lankasta a wayarta, mai sanar da lokacin da ake sa ran ganin hasken. In ta nuna ja kuma babu gajimare, ta bar tsakiyar gari, ta fuskanci arewa, ta daina kallon waya na minti goma sha biyar don ido ya saba. Kuma ta tafi da ƙawaye, ba ita kaɗai ba.

Batun Kano kuwa, kada ki sa rai. Mafi girman da aka rubuta a tarihi shi ne na farkon Satumban 1859, wanda ya sa wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, aka ga hasken a Kyuba da Hawai har da Kolombiya. Wani zai ce ai Kolombiya ta fi Kano kusa da tsakiyar duniya. Haka ne, sai dai kan maganaɗisun duniya ya karkata ne wajen nahiyar Amurka, su abin ya fi sauko musu. Mu kuwa arewacin Najeriya tana daf da tsakiyar maganaɗisun, wato kusan wuri mafi nisa daga inda hasken ke sauka. Kuma ni ba na ma fatan wanda zai kai mu. Na watan Maris 1989, da bai kai na 1859 ba, sai da ya kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada har awa tara. Ki ajiye hoton, in Allah Ya kawo ki bikin kammala karatunta kuma aka dace, ni zan kai ku tsaunin da motata.