Aikin da kowa ke gudu aka miƙo mini, in karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina aiki a siton wani kamfanin kayan abinci a Jidda. Mudir ɗinmu, wato manajanmu, ƙofarsa a buɗe take, yakan tara mu ya ce wa zai ɗauki kaza. Ƙidayar kaya ta ƙarshen wata kowa ke gudu, don kwana ake yi a kai. Ya ce in na riƙe ta zai ɗaga ni. Abokaina sun ce jaki za a mai da ni. Ga shi direba aka rubuta a igamata, wato katin izinin zamana a ƙasar. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Karɓi aikin. Wanda ya kwana uku da takardun ƙidaya zai san inda madara ke lalacewa da inda katan ke ɓata, abin da mudir kansa bai sani ba. Irin wannan mutum ake kira ranar da aka rasa shugaban sito.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganar da nake ji kullum a bakin 'yan'uwanmu: “Ka yi shiru ka yi aikinka, mudir yana gani.” Wallahi wannan magana ta ci guminmu da yawa! Mudir ɗin da ya gani gobe a mayar da shi Dammam, sabon ya zo ya buɗe Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin ma'aikata, ya tarar da kai direba da albashin direba. Wa zai shaide ka? Na zauna da dattijo mai furfura yana juya hula a hannu, ya shekara da shekaru yana riƙe lissafi, aka sallame shi da hakkin lebura, domin kuɗin sallama kan albashin ƙarshe ake lissafa shi: rabin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, wata guda ga kowace shekara bayan nan. Alkawarin baki ba ya shiga wannan lissafi.

Sashe na 60 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ce ba a sa ka aikin da ya saɓa wa wanda aka ɗauke ka sai da amincewarka a rubuce, in ba larura ba, ita ma kwana 30 kacal a shekara. Sashe na 38 kuma ya hana a yi aiki da sana'ar da ba ita ke kan izinin aikinka ba. Kada ka saurari dillalan da ke cewa ka ba su riyal kaza su gyara maka igama ta bayan fage. Kamfani ne ke neman canjin sana'a, kuma wasu sana'o'in an keɓe wa 'yan ƙasa, sai an duba.

Ka koma wurin mudir cikin ladabi, ka ce ka yarda, amma a rubuta sabon aikin a kwantiraginka, a biya awannin da suka wuce lokacin aiki da ƙarin kashi 50 cikin 100 da doka ta tanada, a kuma sa watan da za a zauna kan albashi.