Akwai manhajar da za ta gane min saƙon 'yan damfara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Makon jiya saƙo ya shigo wayata, wai za a rufe asusuna saboda matsalar BVN, in latsa wani adireshi in gyara. Allah ya sa yaron shagona na kusa, ya hana ni. Shin akwai manhajar da zan sa a waya ta riƙa gane min irin waɗannan saƙonni da kanta?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara tsarewa, a gaishe min da yaron nan. Akwai su, wasu ma tuni suna cikin wayarka suna yi maka gadi ba ka sani ba.

Idan da Chrome kake buɗe intanet, yana gwada adireshin da za ka shiga da jerin shafukan da aka riga aka kama da damfara. Sunan tsarin Safe Browsing, na kamfanin Google ne, kuma Firefox da Safari ma suna amfani da shi. Duk ranar da ka ga fuskar waya ta koma ja da gargaɗi, don Allah ka juya, kada ka ce bari in leƙa. Gmail kuwa yana duba ko wanda ya aiko imel da sunan banki yana da izinin aikawa da sunan, yana kuma koyo daga saƙonnin da mutane ke kai ƙara. Truecaller ma, manhajar da ke nuna sunan mai kira, da rahoton jama'a yake aiki.

Wanda nake so ka riƙe shi ne VirusTotal, shafin intanet mai duba ko adireshi na da haɗari. Kyauta ne. Ka danne adireshin da yatsa har ya ba ka damar kwafa, ba tare da ka buɗe ba, sai ka manna a shafinsu. Injinan tsaro sama da 70 za su duba shi. Takardun kasuwancinka dai kada ka ɗora a can, domin abin da aka ɗora kamfanonin tsaro na iya ganinsa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan kayan aiki sun fi sanin tarkon da wani ya riga ya faɗa ciki. Shafin da ɗan damfara ya buɗe yau da hantsi bai shiga jerin kowa ba, sai a ce maka lafiya lau yake. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ma ba shaidar gaskiya ba ce, ɓarayi suna da ita. Ka dubi adireshin da idonka, harafi bayan harafi: sukan sa sifili a gurbin harafin o, ko lamba 1 a gurbin l.

Abin da ya fi damuna shi ne kiran waya. Mutum zai yi maka sallama da Hausa tsantsa, ya ambaci sunanka, ya ce daga ƙungiyarku ta WhatsApp ne, akwai taro da daddare, ka karanto masa lambobi 6 da aka turo maka. Manhaja ba za ta riƙe maka baki ba, kana karantowa WhatsApp ɗinka ya tafi. Ka shiga saitin WhatsApp yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu (Two-step verification), wato ƙarin lambar sirri da kai za ka zaɓa. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da ya turo maka.

A shago kuma, alat na saƙon waya ana ƙirƙirarsa. Kada kaya ya fita sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Manhajar tsaron da aka turo maka ta WhatsApp kada ka girka ta, daga Play Store kaɗai za ka ɗauko.

In kuma wata rana ka riga ka shigar da bayananka, kada kunya ta sa ka jinkirta. Kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka nan take, a toshe katin, sannan ka je reshen bankin da kanka.