Babbar kyamara marar madubi ko ƙarama mai dogon zum: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa, don amsarta ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce ka tara kuɗi kana son kyamara, kana ta kai-kawo tsakanin Sony A7 III ta hannu, babbar kyamara marar madubi a ciki wadda ake canza wa lens (gilashin gabanta), da 'yar ƙaramar nan mai dogon zum da ake sakawa a aljihu, irin su Canon SX740 ko Panasonic TZ200. Abin da kake son ɗauka shi ne yaranka, hawan sallah, da tafiyar da kuke shiryawa zuwa Yankari, kuma ka ce ba sana'a za ka yi da ita ba. Na ga har mutum uku sun riga sun ce maka ka sayi ful firem, wato ajin manyan kyamarori irin A7 III ɗin, kawai ka huta. Ni ina da duka biyun. Babbar ita nake ɗaukar biki da ita a ƙarshen mako, ƙaramar kuma ita ce ba ta rabuwa da aljihun rigata. Shawarata ta saɓa da tasu, kuma zan faɗa maka dalili.

Bari mu fara da abin da ya raba su, wato sensa, faifan da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Ta ful firem milimita 36 ce a tsawo, 24 a faɗi, daidai girman fim ɗin da masu hoto na da suke kai wa wanki. Ta cikin SX740 ba ta wuce milimita shida da ɗan wani abu a tsawo, huɗu da rabi a faɗi ba, kamar farcen ƙaramin yatsa. Idan ka auna fili, babbar ta ninka ƙaramar kusan sau 30. Ka ɗauka ana ruwan sama, wani ya ajiye baho a tsakar gida, wani ya ajiye kofin shayi. Idan ruwan mai ƙarfi ne kowa zai samu abin da yake so. Idan yayyafi ne, mai kofi sai dai ya yi haƙuri. Haka haske yake. Da rana tsaka bambancin hotunansu a fuskar waya ba kowa zai gane ba, amma rana na faɗuwa sai kowacce ta nuna halinta.

To amma ƙanƙantar sensar nan ita ce sirrin zum ɗin. Lens ɗin SX740 a zahiri daga milimita 4.3 ne zuwa 172, sai dai saboda sensar ƙarama ce, abin da yake nuna maka daidai yake da 24 zuwa 960 a ful firem, kuma iya girman lambar iya yadda yake jawo abu na nesa kusa. Shi ya sa abin da bai kai giram 300 ba yake iya jawo maka fuskar mutumin da ke can ƙarshen fili. Ita babbar sensa dole a yi mata babban gilashi da zai cika ta da haske, kuma a nan ne kuɗi suke tafiya.

Ni sai da na sha kunya na gane wannan. Farkon sayen A7 III ɗina, lens ɗaya gare ni, Tamron 28-75. Na rataya ta a wuya na tafi kallon hawan Daushe a Ƙofar Kudu ina ta taƙama. Ka san yadda wurin yake cika, inda ka samu ka tsaya nan ne wurinka, babu maganar matsawa gaba. Da mahaya suka fara shigowa sai na tarar milimita 75 ba ta kai ni ko'ina ba. Dokin da mahayinsa duka ba su fi ƙuda ba a tsakiyar hoto, rabin hoton kuma hulunan mutanen da ke gabana ne. A gefena akwai wani dattijo riƙe da 'yar kyamara kamar sabulun wanka. Ya nuna min abin da ya ɗauka: naɗin rawani, amawali, har kumfar bakin doki da adon linzami ana gani. Na ce masa ma sha Allah Baba, na mayar da tawa jaka. Sai dai in ban faɗi ƙarshen labarin ba na yi rashin adalci. Hawan Daushe bayan la'asar ake yin sa, kuma lokacin da aka zo jahi rana ta yi sanyi, ga ƙura ta tashi. Daga nan hotunan Baba suka fara jirwaye, dawakan suna fitowa kamar an goge su da hannu, ni kuwa 'yan waɗanda na ɗauka na mutanen da ke kusa da ni sun fito tas.

Za ka ce to a saya wa babbar dogon lens mana. Akwai. Sony FE 200-600 yana yin aikin, kuma yana yin sa fiye da kowace ƙaramar kyamara. Amma nauyinsa kaɗai ya haura kilo biyu, ka haɗa da jikin kyamarar mai giram 650, kana ɗauke da kusan kilo uku a hannu. Farashinsa da ya fito a 2019 kusan dala 2,000 ne, daidai da farashin da A7 III ɗin kanta ta fito da shi a 2018. Ka lissafa da canjin yau ka gani. Wannan ne abin da masu cewa "ful firem kawai" ba sa faɗa wa sabon shiga. Kuɗin jikin kyamarar kamar kuɗin fili ne, ginin yana gaba. Lens na kusa, lens na nesa, batir na biyu, memori mai sauri, jaka, daga baya ka ga kwamfutarka ta fara nishi saboda hoto ɗaya na RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin megabait 24 ko ninkin haka. Na san mutane da yawa da kuɗinsu ya ƙare a kan jikin, suka zauna da lens ɗin da ya zo da ita, bayan wata shida kyamarar tana cikin durowa suna ɗaukar yara da waya.

Ita ma ƙaramar ta taɓa ba ni kunya, kada ka ce ina yi mata talla. Wata ƙanwar matata ce ake kamunta a gida, ban je da niyyar aiki ba, ƙaramar ce kawai a aljihuna. Ana cikin hidima aka ɗauke wuta, aka kunna fitila mai caji guda biyu. Gwaggo ta ce ai ga mai hoto nan, ya ɗauka mana. Na ɗauka. Da na buɗe a kwamfuta, fuskar amarya ta yi yashi-yashi kamar an watsa mata gero, lallen hannunta ya haɗe ya zama baƙin tabo, leshin da aka kashe wa kuɗi ba a gane zanensa. Da na kunna filasha kuma sai fuskoki suka yi fari fat, baya ya yi duhu. Da babbar ce da lens ɗin 50 mai buɗewar f/1.8 (iya ƙanƙantar lambar f iya yawan hasken da ke shiga), wanda bai kai giram 200 ba, wannan hasken ya ishe ni, kuma bayan amarya zai narke ya bar ta ita kaɗai a fili. Har yau idan an tuna bikin sai an tsokane ni. Don haka duk wanda ya ce min zai karɓi kuɗin mutane ya ɗauki dina ko walima a zaure mai fitilu kala-kala, ba na ma bari ya ƙarasa tambaya, babbar zai saya. A7 III tana da gurbin memori biyu, tana rubuta hoto a duka biyun lokaci ɗaya, kuma ranar da memori ya mutu maka da hotunan ɗaurin auren mutane za ka san darajar wannan.

Kai kuwa ba wannan ne halinka ba. Ka duba jerin da ka kawo. Yara a falo, wayar da ke hannunka in dai ta 'yan shekarun nan ce tana yin wannan, a duhu ma takan fi ƙananan kyamarori da yawa saboda tana haɗa hotuna da dama ta fitar da ɗaya. Abin da waya ta kasa shi ne nesa. Hawan sallah nesa ne. Yankari nesa ne, domin daga cikin mota za ka hango giwa ko gwanki a can cikin itatuwa, babu mai barinka ka sauka ka matsa. Kuma fita kallon dabbobi da safe ne ko da yamma kafin duhu, akwai haske gwargwado. Ga yara, ga jakar abinci, ga wanka a ruwan Wikki, ga gwaggon biri da ba ya barin abin da aka ajiye. Mutumin da ke riƙe da hannun yaro ba zai iya da kilo uku na gilashi ba.

Sai maganar ƙura, wadda masu sharhin kyamara na Turai ba su cika damuwa da ita ba saboda ba su san hunturunmu ba. Kyamara marar madubi, kana cire lens sensar ce tsirara take kallonka. Na taɓa canza lens a waje cikin watan Janairu, iska na kaɗawa. Duk hoton da na ɗauka bayan nan wanda sama ta fito a ciki, akwai ɗige-ɗige guda biyar a wuri ɗaya, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Sauƙinta dai ana iya hure ta da 'yar robar hura iska, ko a goge da abin gogewa na musamman. Kada ka kuskura ka hura da baki ko ka sa gefen riga. Ƙaramar ba a cire mata lens, amma ita ma ba ta tsira ba. Duk lokacin da lens ɗin ya fito ya koma yana zuƙar iska, kuma idan ƙura ta shige ta zauna a sensa sai an kwance kyamarar gaba ɗaya. Idan yashi ya shiga bututun kuma lens ɗin ya maƙale a waje, sau da yawa kuɗin gyara ya kusa kuɗin wata. Ni a 'yar jaka mai zif nake saka tawa kafin ta shiga aljihu.

Idan ka yarda da ni ka tafi ga ƙaramar, to a cikinsu ma akwai zaɓi, kuma a nan nake roƙonka kada lambar zum ta ruɗe ka. SX740 tana da zum sau 40, TZ200 sau 15 kawai, daga 24 zuwa 360. Amma TZ200 sensarta irin wadda ake kira inci ɗaya ce, milimita 13.2 da 8.8, ta ninka ta SX740 kusan sau huɗu. Tana ɗaukar RAW, tana da 'yar tagar leƙawa da ido, wadda SX740 ba ta da ita, kuma a ranar Kano da ƙarfe ɗaya ba ka ganin komai a gilashin baya. Ni ita zan zaɓa. Zum ɗin 960 ɗin nan ma a ƙarshensa hannu yana rawa, idon lens, wato ƙofar da haske ke shiga, ya tsuke zuwa f/6.9, sannan hazo da tururin zafi da ke tsakaninka da abin sukan cinye kaifin hoton tun kafin ya iso gilashi. Nikon P1000 tana kai wa 3000, tana ɗauko ramukan da ke jikin wata, amma sensarta 'yar ƙaramar nan ce kuma nauyinta kilo ɗaya da giram 400, ta fita daga sahun na aljihu. Idan aljihunka da nauyi kuma ba ka ƙi rataya a wuya ba, Sony RX10 IV ita ce sarauniyar wannan ɓangaren: sensa inci ɗaya, 24 zuwa 600, buɗewa f/2.4 zuwa f/4, kuma tana kama abu mai gudu da sauri. Wannan ita ce kyamarar da na so a ce tana hannuna ranar hawan Daushen nan.

Akwai hanyar tsakiya, idan zuciyarka ta nace sai mai canza lens: irin su Sony a6400 da lens ɗin 70-350, wanda yake ba ka kamar 525. Ta fi ƙananan haƙuri da duhu, ta fi ful firem sauƙin ɗauka da sauƙin kuɗi. Sai dai ita ma jaka take so.

Tunda ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Ka je da memorinka. Ka ɗauki farin bango ko sama da idon lens a tsuke iya tsukewa, ka buɗe hoton ka duba ɗige-ɗige. Ka haska fitilar waya cikin lens ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, kayan da suka zauna a wuri mai laima suna yawan zuwa da ita. A ƙaramar, ka fitar da zum har ƙarshe ka mayar sau biyar kana saurare, in ka ji ƙaras-ƙaras ka ajiye masa abinsa. A babbar, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Ka kuma tambayi ko batirin na asali ne, don na bogi sun cika kasuwa. Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙananan nan ba su da arha yadda kake zato, kamfanoni sun rage fitar da sababbi tun da waya ta cinye musu kasuwa, masu kyau a cikinsu sun yi wuya.

In kana Kano, ka yi min magana ta akwatin saƙo. Ranar Asabar da ba ni da biki sai mu haɗu bayan la'asar, in ba ka duka biyun ka zagaya da su har magariba, ka taho da memorinka don ka tafi da hotunan gida ka duba a natse. Ka taho da ɗaya daga cikin yaran ma, wanda ya fi rashin zama wuri ɗaya.