Murjanina Yana Yin Fari, Me Ya Same Shi?

Tambaya: Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a gidana a Jidda, inda nake kiwon kifi da murjani mai rai, wato halittar teku mai kama da dutse. Murjanina mai rassa ya fara yin fari, wani kuma namansa na saɓulewa daga gindi. Kifayen lafiyarsu ƙalau. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada lafiyar kifi ta ruɗe ka, murjani ya fi su rashin juriya. Fara da zafi, tunda Jidda kake. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26. Idan ya daɗe yana haura 29, murjani kan kori ƙananan gansakukan da ke cikin namansa, masu ba shi launi da abinci, sai ya yi fari fat. Sabuwar fitila mai ƙarfi ma tana jawo haka.

Saɓulewar gindin ta fi tayar mini da hankali. Sau da yawa alkalinitin ruwa ne, wato ƙarfinsa na kashe tsami, ke hawa da sauka. Auna shi kullum a lokaci guda, ka riƙe shi wajen 8 a ma'auninsa da ake kira dKH, gishiri kuma 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa. Ruwan da ya ƙafe, cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri.

Don Allah kada ka gyara komai rana ɗaya. Reshen da ke mutuwa, yanke shi sama da inda ciwon ya kai, ka dasa mai lafiyar daban.