Tallafin kai yaran makaranta gona daga Makka

Malama, kin tambayi inda za ki samu tallafin kai ɗalibanki gona su ga yadda ake noma. Abu na farko, kada ki buɗe asusu ki ce iyaye da 'yan unguwa su turo gudummawa. A Saudiyya tara taimako ba da izini ba laifi ne, ko da niyyar alheri ce. Gidauniyoyi irin ta Sulaiman Al Rajhi kuwa ƙungiyoyi masu rajista suke ba kuɗi, ba mutum ɗaya ba. Saboda haka ki nemi ƙungiyar agaji mai rajista a Makka, ki shigar da shirin ta hannunta, da amincewar shugabar makarantarku.

A takardar neman tallafin, ki fayyace kuɗin mota, abinci da yawan yara, da darasin kimiyyar da ziyarar za ta ƙarfafa. Mai ba da tallafi ba ya biyan yawon shan iska.

Game da inda za ku je kuwa, ni Ɗa'ifa zan zaɓa. Tana kusa da Makka, akwai sanyi, kuma a watan Maris zuwa Afrilu ake tsinkar furen wardi, yara su ga yadda ake dafa shi a tace turare. Da sassafe ake tsinka, sai ku yi sammako.