Zakin MGM: Guda Ɗaya Ne Tun Asali?

Tambaya: Shin zakin da ke ruri a farkon finafinan kamfanin Metro-Goldwyn-Mayer (MGM) shi ne tun asali, ko sauya shi ake yi?

Amsa: Sauya shi ake yi. Da aka kafa kamfanin a Amurka a 1924, zakin farko mai suna Slats bai yi ruri ba, domin finafinan zamanin ba su da sauti. Jackie ne aka fara jin muryarsa a 1928. Wanda yawancinmu muka sani kuwa, mai ƙaramar geza saboda ƙuruciyarsa, ya bayyana ne a 1957, kuma ya ci gaba da fitowa har 2021, lokacin da aka maye gurbinsa da zanen kwamfuta, wanda a ganina bai kai na ainihi kwarjini ba.